Mallakar bindiga da wasan harbi a tsibiran Shetland

Tsibiran Shetland suna can ƙuryar arewacin Birtaniya, a yankin Sikotlan. Sun kai ɗari, amma 16 ne kawai ake zaune a cikinsu, mutanen duka ba su wuce 23,000 da 'yan kai ba. Daga Aberdeen zuwa Lerwick, babban garin tsibiran, kwana jirgin ruwa yake yi a hanya: awa 12 in ya miƙe, kusan 14 in ya biya ta Kirkwall. Dokar bindiga a nan ita ce ta sauran Birtaniya, wato dokar 1968 da gyare-gyaren da aka yi mata, kuma rundunar 'yan sandan Sikotlan ce ke ba da lasisi. Bambancin kawai shi ne duk abin da mutumin Glasgow zai gama da yammaci ɗaya, a nan sai ka haɗa shi da jadawalin jirgi, da iska, da gishirin teku. Na bi matakan tun daga cike fom har zuwa tsayawa a filin harbi, ga kuma yadda suke.

Abu na farko da ya kamata ɗan'uwa da ya zo daga gida ya sani: a ƙasar nan ba a ba mutum bindiga don kare kai. Wanda ya rubuta tsaron gida a matsayin dalili, ya rufe wa kansa ƙofa. Dalilan da ake karɓa su ne wasan harbi, farauta, da kashe dabbobin da ke ɓarna a gona. Ƙananan bindigogin hannu an haramta su tun 1997, bayan kisan yara 16 da malamarsu a makarantar Dunblane a 1996. Manyan raifil masu ɗura kansu kuwa tun 1988 aka hana su.

Lasisi iri uku ne. Na ɗaya na bindiga mai watsa ƙwayoyi, wadda muka fi sani da mai baki biyu. Sharaɗinta bututun ya kai inci 24, kuma in irin mai gidan harsashi ce, kada gidan ya ci fiye da harsashi 2. Da wannan lasisi mutum zai iya sayen bindiga fiye da ɗaya muddin yana da wurin ajiya. Na biyu na raifil ne, shi ya fi tsauri: kowace bindiga sai ka kawo dalilinta, a rubuta girman harsashinta a takardarka, a rubuta yawan harsashin da za ka iya riƙewa a lokaci guda. Na uku Sikotlan ce kaɗai ke da shi, na bindigar iska, tun ƙarshen Disamba 2016. Mutane da yawa da suka ƙauro daga Ingila suna zuwa da bindigar iskarsu a bayan mota ba su san sun shiga laifi ba.

Shawarata ita ce kada ka nemi komai sai ka fara harbi ba tare da lasisi ba, doka ta yarda da haka a filin harbin faifai, wato ɗan faifan da inji ke jefawa sama a harba, da 'yan sanda suka amince da shi. A Shetland akwai kulob ɗin harbin faifai mai fili a Black Gaet, tsakanin Lerwick da Scalloway. Zuwa irin wannan wuri yana da amfani biyu: ka gane ko abin ya karɓe ka kafin ka kashe kuɗi, sannan ka samu mutanen da suka ga yadda kake riƙe bindiga. In harbin saiti da raifil kake so, sai ka shiga kulob da gwamnati ta amince da shi, ka yi aƙalla wata uku kana ɗan gwaji, kafin zamanka mamba ya zama dalilin da za ka rubuta.

Fom da shaidu da likita

Fom ɗin mai lamba 201 ne, shi ɗaya ake cikewa ko lasisi ɗaya kake nema ko biyu. Ana haɗa shi da hoto irin na fasfo. Tun Fabrairun 2025 kuɗin mai baki biyu fam 194 ne, na raifil fam 198, in ka nemi biyun tare fam 202. Ke nan wanda ya san zai buƙaci raifil nan gaba, gara ya haɗa su tun farko. Kowanne shekara 5 yake yi.

Shaidu biyu ake so. A da mai baki biyu shaida ɗaya ya isa, an mai da shi biyu a 2025. Dole shaidan ya san ka na aƙalla shekara 2, yana zaune a Birtaniya, ba danginka ba ne, ba ma'aikacin 'yan sanda ba, ba kuma dillalin bindiga ba. Wannan sharaɗi shi ke tsayar da sabon zuwa, domin ko da komai naka ya cika, sai ka zauna da mutane sun san halinka. Kuma ba sa hannu kawai shaidan zai yi ba. Za a kira shi a tambaye shi yadda kake da fushi, yadda kake da iyalinka, ko kana shaye-shaye. Ka zaɓi wanda yake shiga gidanka, ba mai babban muƙamin da kuke gaisawa a hanya ba.

Fom ɗin yana tambayar duk wani laifi da aka taɓa kama ka da shi, har na tuƙi, har wanda ya daɗe. Ka rubuta duka. Tarar gudu da mota ba ta hana lasisi, amma ɓoye ta laifi ne, kuma za su gani. Wanda aka taɓa yanke wa ɗaurin shekara 3 ko fiye, an hana shi taɓa bindiga har abada. Daga wata 3 zuwa shekara 3, hanin na shekara 5 ne. Wanda ya zauna a wata ƙasa ana iya neman ya kawo takardar shaidar 'yan sandan can, don haka ka fara nemanta da wuri.

Takardar likita ita ta fi cin lokaci. Tun Nuwamban 2021 ba a duba buƙatar kowa sai likita ya cike wani fom daga kundin lafiyarsa: ciwon damuwa, farfaɗiya, ciwon mantuwa, cututtukan jijiya, shan giya ko ƙwaya fiye da kima. Wannan ba ya cikin aikin kyauta na asibitin gwamnati, likita ne ke yanka kuɗinsa, kuma yana iya ƙin yi. A ƙaramin tsibiri inda asibitin shan magani ɗaya ne, wani lokaci ma likitan wucin gadi ne ke riƙe da shi, fom ɗinka zai jira bayan marasa lafiya, kuma haka ya dace. In abin ya ƙi, kana iya neman kofin kundinka a aika wa wani likita mai rajista ya cike. Samun ɗaya daga cikin waɗannan cututtuka ba ya nufin an hana ka kai tsaye, tambaya za a ƙara yi. Bayan an ba da lasisi ana sa alama a kundinka, don likita ya sanar da 'yan sanda in lafiyarka ta sauya. Ni ina goyon bayan wannan tsauri. Harbin da aka yi a Plymouth a 2021 da wanda aka yi a tsibirin Skye a 2022, duk masu lasisi ne suka yi su.

Akwatin ƙarfe da bangon da za a kafa shi

Kafin jami'in bincike ya zo gidanka, akwatin ajiya ya riga ya kafu. Ka sayi wanda ya cika ma'aunin BS 7558, ƙarfensa bai gaza milimita 2 ba. Ka sayi wanda ya fi buƙatarka girma, domin akwatin da aka ce na bindiga uku ne, da zarar ka sa raifil mai madubin saiti ya koma na biyu, kuma kuɗin dakon akwati zuwa tsibiri ba abin da za ka so biya sau biyu ba ne. Ka auna tsawon cikinsa, mai bututu inci 32 ba ta shiga kowane akwati.

Inda za a kafa shi ne aikin. Gidajen Shetland kashi biyu ne. Sababbi da yawa na katako ne, bangonsu allo ne a kan ginshiƙai, don haka dogayen sukurori za ka ɗaura cikin ginshiƙan kansu da kuma katakon da ke ɗauke da daɓe, ba cikin allon ba. Tsofaffin gidajen manoma na dutse ne, an lulluɓe cikinsu da allo, da rata tsakanin allon da dutsen. A nan noti mai buɗewa yakan fasa tsohon ginin ko ya riƙa juyawa a banza. Abin da ke riƙewa shi ne sandar ƙarfe mai zare, kauri milimita 10, a huda dutsen, a busa ƙurar ramin sosai, a cika shi da gam ɗin gini, a bar shi ya daskare kafin a ɗaure. A cike ratar da katako, in ba haka ba kana ɗaurewa allon zai lotsa. A yanke katakon da ke bin gindin bango don bayan akwatin ya kwanta sosai, kada a bar inda ƙarfen ɓalle ƙofa zai shiga. Jami'in zai kama akwatin ya jijjiga da ƙarfinsa.

In da hali, ka guji bangon da ke fuskantar waje. Yana da sanyi, ƙarfen akwatin zai riƙa yin gumi ta ciki. Gareji da rumfar waje sun fi muni, ga danshi ga sauƙin fasawa. A kuma sa shi inda baƙo ba zai gani ba.

Mukulli kai kaɗai za ka san inda yake. Ba matarka, ba ɗanka, sai in suna da lasisin da aka rubuta bindigar a kai. An taɓa hana wani lauya a Ingila sabunta lasisinsa don kawai mahaifiyarsa tsohuwa ta san inda mukullin yake, kotu kuma ta tabbatar. Harsashin raifil dole a kulle shi, an fi so a wani ɗan akwati dabam. Na mai baki biyu doka ba ta tilasta kulle shi ba, amma ni kulle shi nake yi, musamman a gidan da ke da yara.

Jami'in zai zauna da kai ya yi tambayoyi: me za ka harba, a ina, me ke bayan abin da kake harbi, yaya za ka ɗauki bindiga a mota. Yana iya magana da mutanen gidan. In kana zaune a tsibirin Unst, zuwansa na nufin jirgin fito biyu, Toft zuwa Ulsta minti 20, a ratsa tsibirin Yell, sannan Gutcher zuwa Belmont minti 10. Iska ta tashi, an ɗage. Kada ka sayi tikitin zuwa ɗauko bindiga sai takardar ta shigo hannunka.

Saye da kawowa

Ba a aiko wa mutum bindiga gida. Miƙa ta ido da ido ake yi: mai sayarwa ya duba lasisinka na asali, ya rubuta irin bindigar da lambarta a ciki, sannan ku biyun kowa ya sanar da 'yan sanda cikin kwana 7. Hanya uku ce a tsibiri. Ka saya hannun wani mai lasisi a nan, ko dillalin can ƙetare ya aika wa dillali mai rajista a nan ka biya ladan su biyun, ko ka tafi da kanka. Ga bindigar farko na fi son ta uku duk da tsadarta, saboda mai baki biyu sai an gwada ta a kafaɗa. Ka je da rigar sanyin da za ka riƙa harbi da ita. Ƙotar da ta yi maka daidai da riga ɗaya a shago, tsawo za ta yi maka in ka sa kaya uku, ta riƙa maƙalewa a hammata. Ka kuma gwada wane ido ne ke jagorancin ganinka, domin mai harbi da kafaɗar dama wanda idonsa na hagu ya fi ƙarfi zai yi ta kuskure ta gefe ɗaya bai san dalili ba.

Ka zaɓi abin da kowa ke da shi: mai baki biyu lamba 12 (lambar faɗin ramin bututu), bututu ɗaya bisa ɗaya, ta kamfani sananne irin Beretta, Browning ko Miroku, raifil kuwa .22 mai sakata, irin na CZ. Harsashin da ba a saba da shi ba, ranar da ya ƙare sai ka jira wata guda. A tsohuwar bindiga ka duba cikin bututu a haske ko akwai ramukan tsatsa, ka cire katakon gaba ka girgiza ta ka ji ko mahaɗar tana motsi, ka duba hatimin gwaji na Landan ko Birmingham ko makamancinsu. Ka duba tsawon mazaunin harsashi: tsofaffi da yawa milimita 65 ne, harsashin milimita 70 yana shiga a cikinsu lafiya lau, amma in ya tashi bakinsa ba ya samun wurin buɗewa, matsin ya hau.

A jirgin ruwa, tun wajen yankan tikiti za ka faɗa cewa kana da bindiga, ka zo da lasisi, bindiga babu harsashi a cikinta, harsashi a wani mazubi dabam, ma'aikata su gaya maka inda za a ajiye. A mota a rufe ta kada a gani, in za ka bar motar ka cire katakon gaba ko sakatar raifil ka tafi da shi a jakarka. Jirgin sama zuwa Sumburgh, filin jirgin Shetland, yana yiwuwa da akwati mai tauri mai kwaɗo da sanarwa tun da wuri, amma ƙa'idar jiragen sama kilo 5 na harsashi ce ga fasinja, abin da bai wuce ɗari da 'yan kai ba na mai baki biyu.

Harsashi shi ne ainihin wahalar tsibiri. Gidan waya ba ya ɗaukarsa, yana cikin kaya masu fashewa, masu dakon da ke da izini kaɗan ne. Kwali ɗaya 25 ne, babban kwali 250, nauyinsa kilo 10 zuwa 11. Mai zuwa fili sau biyu a wata yana harba 50 zuwa 75, zai ci 1,500 a shekara ba da wahala ba. Shi ya sa ake haɗa kuɗi a yi oda tare, ko wanda zai ƙetara da mota ya ɗauko da yawa. Na raifil kuwa ba ka wuce adadin da ke takardarka, don haka tun wajen cike fom ka nemi adadi mai ɗan yawa, ka rubuta dalili a fili: nisa da wahalar kawowa. Ƙara bindiga a lasisin raifil daga baya fam 47 ne da wani sabon jira.

Gishiri

A Kano mutum zai jingine ƙarfe a ɗaki rani guda ya same shi yadda ya bar shi. A Shetland babu inda ya yi nisan kilomita 5 da teku, iska kuma tana ɗauke da gishiri har tsakiyar tsibiri. Bindigar da aka dawo da ita da yamma aka bari a jakarta, da safe za a ga jan tsatsa a inda yatsu suka taɓa.

Ga yadda nake yi duk dawowa. A fitar da ita daga jaka nan take, a rataye jakar a buɗe ta bushe, domin audugar cikinta tana riƙe ruwa. A raba bindigar uku: bututu, katakon gaba, da ƙota. A bar su su ɗauki ɗumin ɗaki, don ƙarfe mai sanyi yana shigowa ɗaki mai ɗumi yake yin raɓa, in ka shafa mai a lokacin ka rufe ruwan a ƙarƙashinsa. Kada a jingina ta da abin ɗumama ɗaki, katako zai tsage. In feshin teku ya taɓa ta, a fara goge ƙarfen da tsumma mai ɗan ruwan famfo, saboda mai ba ya narkar da gishiri, ruwa ne ke narkar da shi. A busar, sannan a shafa mai. Cikin bututu: maganin wanki, buroshin tagulla daga baya zuwa gaba, tsumma har ya fito fari, sai ɗan mai kaɗan. Wuraren da ake mantawa su ne ƙarƙashin dogon ƙarfen da ke bisa bututu, da ƙarƙashin 'yan ƙarafan da ke tofar da kwanso. Mahaɗar bindiga giris take so, ɗan kaɗan, a goge tsohon kafin a sa sabo don yana tara yashi.

Sai cok, ɗan zoben da ake murɗawa a bakin bututu don matse ƙwayoyi. A kwance shi duk wanki, a goge zaren, a shafa giris, a mayar. Wanda aka bari wata uku a wannan iska kamawa yake yi, cire shi kuma aikin maƙerin bindiga ne, wato tafiya ƙetare ta hannun dillalai biyu.

A cikin akwati ina ajiye bindiga baki ƙasa, don kada mai ya gangara cikin ƙota ya ruɓar da katakon. Ina sa ƙaramin ma'aunin danshi, ina so ya tsaya tsakanin 40 da 50 cikin ɗari. Jakar ƙwayoyin tsotse danshi tana taimakawa, amma tana cika, sai an riƙa gasa ta a tanda da wuta kaɗan, wajen digiri 120. Wanda ya fi shi ne ɗan sandan ɗumama mai cin wuta kaɗan da ake sawa a ƙasan akwati. Kafin harbi a goge man cikin bututu. A ajiye ƙananan kayan gyara a gida: alluran da ke dukan harsashi, sifirin ɗinsu, da sukundireban da ya dace da sukurorin bindigar.

Harsashi ma yana jin danshi. A ajiye shi a ɗaki mai ɗumi, ba a gareji ba. Wanda ya sha sanyi da laima yakan yi rauni, ka ji ƙararsa ta fita daban. In haka ta faru ka tsaya, ka karya bindigar, ka leƙa bututu, domin toshiyar harsashin, wadda ke raba ƙwayoyi da albarushi, tana iya tsayawa a ciki, harbi na gaba kuma ya kumbura bututun ko ya fasa shi. In ka ja kunama bai tashi ba, ka riƙe baki yana kallon fili daƙiƙa 30 kafin ka buɗe. Haka in ka yi tuntuɓe bakin ya taɓa ƙasa: ƙasar tsibiran baƙa ce mai laushi, ta ruɓaɓɓen ciyayi, tana toshe bututu ba ka sani ba. Kada kuma ka taɓa haɗa harsashin lamba 20 da na 12 a aljihu ɗaya. Na 20 yana zurmawa cikin bututun 12 ya tsaya, ya bar wurin da wani zai shiga a bayansa.

Fili, iska da abin da ke bayan abin harbi

Faifan harbi faɗinsa milimita 110, nauyinsa wajen giram 105. Ana harbinsa da harsashi mai giram 21 zuwa 28, ƙwaya lamba 7.5 ko 8. A iska mai ƙarfi na fi son giram 28 lamba 7.5, ƙwayar ta fi nauyi, ba ta saurin kaucewa. Cok kwata da rabi sun isa kusan komai. Don ka san abin da bindigarka ke yi, ka kafa babban kwali a yadi 40, ka zana da'ira mai faɗin inci 30: kwata yakan zuba kusan 55 cikin ɗari na ƙwayoyin a ciki, rabi 60, cikakke 70. Faifan da ya fuskanci iska tashi yake yi sama ya tsaya, wanda iska ke bi a baya nutsewa yake yi da gudu. Wanda ya koyi harbi a nan ba ya haddace inda faifai zai bi, kallonsa yake yi. Kuskuren sabon shiga kusan ɗaya ne: ya tsayar da bindiga lokacin jan kunama, ƙwaya ta wuce ta bayan faifan.

In za ka kafa injin jefa faifai a gonar wani, kana buƙatar fili mita 275 a gabanka babu hanya, babu gida, babu dabba. Ka yi amfani da harsashi mai toshiyar zare, ba ta roba ba, saboda tumaki. Ka kwashe kwanso. Ƙarshen Afrilu da Mayu lokacin haihuwar tumaki ne, ba mai gonar da zai ji daɗin ƙarar bindiga.

Izini a rubuce ake karɓarsa, kuma daga mai haƙƙin harbi. Manomin da ke kiwo a makiyayar gari yana da haƙƙin kiwo ne, haƙƙin harbi galibi na mai ƙasar ne. A sauran Sikotlan kowa na iya harbin agwagin daji a gaɓar da ruwa ke rufewa ya janye, amma ban da Shetland da Orkney, inda tsohuwar dokar ƙasa da suka gada daga Norwe ta ba mai gona har bakin ruwa. Sannan dokar 2003 ta ba jama'a damar ratsa kusan kowane fili da ƙafa. Ke nan ko kana da izini, mai yawon kallon tsuntsaye na iya ɓullowa ta bayan tudu a kowane lokaci.

Wannan ya fi shafar raifil. Harsashin .22 ƙarami ne amma yana wuce kilomita ɗaya da rabi, kuma ya fi kowane saurin tsalle in ya daki dutse ko ruwa. Tsibiran kusan ba su da itatuwa, dutse yana kusa da saman ƙasa. Ba a harbin zomon da ke kan tudu sama na bayansa, ba a harbi wajen teku don akwai ƙananan jiragen masunta. Sai inda gangare mai laushi ya tsaya a bayansa. Ina saita madubi a mita 50 da harsashi mai nauyin giren 40 (giren ma'aunin nauyin harsashi ne) wanda gudunsa bai kai na sauti ba. Da wannan saiti, a mita 100 yana faɗuwa kusan santimita 18 zuwa 20, iskar gefe mai gudun kilomita 16 a awa kuma tana kautar da shi santimita 10 ko fiye. A nan irin wannan iska ranar lafiya ce. Don haka saiti sai da sassafe in an samu lumfashi, a harba biyar-biyar, a gyara daga tsakiyar rukunin, ba daga rami ɗaya ba. A yawancin madubai danna ɗaya wajen milimita 3.5 ne a mita 50. In rukunin ya watse ba dalili, ka fara duba sukurorin da ke riƙe madubi kafin ka zargi harsashi.

Farautar da ake samu ba ta da yawa. Babu barewa, babu yanyawa. Zomo ne, da dinya, da agwagi. Lokacin dinya da agwagwa 1 ga Satumba zuwa 31 ga Janairu ne, a gaɓar teku har 20 ga Fabrairu, kuma ba a harbinsu ranar Lahadi da ranar Kirsimeti. Zomon dutse mai yin fari da hunturu an kare shi tun Maris 2021. Tsibiran matattarar tsuntsayen da ba a samu a wasu wurare ba ce, wanda bai iya bambance su a duhun asuba ba kada ya ɗaga bindiga. A tsakiyar Disamba ma hasken rana bai kai awa 6 ba.

A fadama da bakin ruwa an hana ƙwayar dalma, kuma a Yulin 2025 gwamnati ta sanar da shirin hana ta kusan gaba ɗaya bayan wa'adin shekara uku. Mai sayen bindiga yau ya sayi wadda ke ɗaukar ƙwayar ƙarfe. Ƙarfe ya fi dalma rashin nauyi, sai a ƙara girman ƙwaya lamba biyu, kada kuma cok ya wuce rabi. Harsashin ƙarfe mai ƙarfi sai bindigar da ke da hatimin fure mai kunne uku a bututunta. In ya jiƙe kada a ajiye shi zuwa baɗi, ƙwayoyin suna tsatsa su manne su fita a dunƙule.

Abin toshe kunne da tabarau ba a barinsu, ƙarar mai baki biyu ta kai desibel 150, ji kuma in ya tafi ba ya dawowa. Asibitin Gilbert Bain a Lerwick shi ne babba, rauni mai tsanani sai an ɗauki mutum a jirgin sama zuwa Aberdeen, waya kuma ba ta kamawa a kwaruruka da yawa. Ka faɗa wa wani inda za ka da lokacin dawowa, ka riƙe bandejin tsayar da jini a jaka. Shiga ƙungiyar maharba irin BASC yana zuwa da inshorar ɓarnar da ka yi wa wani har fam miliyan 10, masu gona da yawa suna tambayarta kafin su ba da izini.

Sabunta lasisi kusan maimaita komai ne: fom, shaidu, likita. In takardunka sun isa hannun 'yan sanda cikakku aƙalla mako 8 kafin ranar ƙarewa, doka tana ƙara maka har mako 8 in ba su gama ba. In ka makara lasisin ya mutu, bindigar da ke akwatinka ta zama haramtacciya a ranar, sai ka kai ta ajiya wurin dillali ko wani mai lasisin da ya dace kafin lokacin. Saboda jiran likita da na jirgi, wata shida kafin ranar nake fara neman fom ɗin likita. In ka sauya gida, ko daga wannan tsibiri zuwa wancan ne, ka sanar da 'yan sanda ba tare da jinkiri ba, sabon wurin akwatin ma za su so su gani.